Mai Gulma a Shekara ta 40,000

Ina da wata ɗabi'a da ban cika son a sani ba, musamman a cikin abokaina masu karatun littattafan manya. Ina sayen littattafan yaƙi, amma yaƙin ba na karanta shi. Da an fara harbe-harbe sai in shiga tsallake shafi, ina neman inda ƙura za ta lafa, wani ya shiga kanti, ko ya hau motar haya, ko matarsa ta tare shi a ƙofa tana tambayar inda ya tsaya har dare ya yi. A nan nake gyara zama. Marubuci ya zubar da gumi a kan shafi 300 na gumurzu, ni kuwa rabona a ciki bai wuce wurin da aka faɗi abin da mutanen garin suka karya kumallo da shi ba.

Da a ce littattafan tarihi nake yi wa haka, da da sauƙi. Littattafan Warhammer 40,000 nake yi wa, waɗanda kowa ya san ba don komai aka rubuta su ba sai don yaƙi. Ga wanda bai sani ba, Warhammer 40,000 wasa ne na kan tebur da kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham a Ingila ya fitar a 1987. Mutum zai sayi 'yan mitsi-mitsin sojoji, ya haɗa su da gam, ya zauna da siririn buroshi ya yi musu fenti, sannan ya jera su a tebur ya kara da abokinsa, da ƙwayar ludo a hannu da tef ɗin awo. Labarin da aka ɗora wasan a kai ya faru ne dubban shekaru nan gaba: wata daula ta 'yan Adam mai duniyoyi miliyan guda, da wani Sarki da ya shekara 10,000 a kan karagar zinariya, shi bai mutu ba, shi bai rayu ba, ga abokan gaba ta ko'ina. A 1997 kamfanin ya buɗe sashen buga littattafai mai suna Black Library, wanda ya fitar da ɗaruruwan ƙagaggun labarai a kan wannan duniya. Mafi yawansu labarin ƙattin sojoji ne masu sulke, suna sare-sare daga bango zuwa bango.

Ni ban taɓa buga wasan ba. Ban taɓa riƙe ko da soja ɗaya na robar ba, balle in yi masa fenti. Abin da ya kai ni can daban ne. Tun da na ji an ce duniyoyi miliyan, tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, to wa yake share musu titi? Wa yake karɓar haraji? Idan an yi wa mutum sata a irin wannan daula, ofishin wa zai je, kuma za a saurare shi?

Idan aka ritsa ni, ina da amsar da nake fita kunya da ita. Nakan ce nazarin zamantakewa nake yi, wai ba a gane daula daga fagen fama sai daga kasuwarta. Nakan faɗi haka da murya ƙasa-ƙasa, ina gyaɗa kai, har wasu su ɗauka da gaske nake. Gaskiyar magana gulma nake so. Ina son in leƙa gidan mutane, in ga abin da ke cikin tukunyarsu, in ji abin da suke faɗa idan sun kulle ƙofa. Shi ya sa a cikin waɗannan littattafai na fi mutuwa a kan na bincike. Jami'in bincike shi kaɗai ne mutumin da doka ta ba izinin yin abin da ake zagin sauran mutane a kansa: ya shiga gida ba sallama, ya buɗe durowa, ya karanta wasiƙar da ba tasa ba, ya tambayi bazawara nawa mijinta ya bari. Ni kuma in laɓe a bayansa ina baza kunne, ba wanda zai ce mini kanzil.

Wanda ya fara lalata ni shi ne Dan Abnett, da littattafansa uku a kan Gregor Eisenhorn: Xenos da Malleus a 2001, sai Hereticus a 2002. Eisenhorn jami'i ne na hukumar da ke farautar maciya amanar daula da matsafa, kuma shi yake ba da labarin da bakinsa. Xenos ya buɗe ne a wata duniya mai suna Hubris, inda hunturu yake daɗewa har manyan ƙasar sukan shige ɗakunan ƙanƙara su yi barcin watanni, a bar masu gadi suna zagaye da fitilu a cikin duhu suna tsaron su. Eisenhorn yana bin wani mai laifi a guje, gawarwaki na zuba, ni kuwa hankalina yana kan masu gadin. Nawa ake biyan su? Su wa ke kawo musu abinci? Akwai kuma wani tsoho a tawagar Eisenhorn, Uber Aemos, wanda wata cuta ta kama, ta mayar da shi mayen tara bayanai: duk abin da ya gani sai ya rubuta, ko yana da amfani ko ba shi da shi. A duk faɗin wannan daula shi kaɗai na ɗauka ɗan'uwana na jini.

Daga nan na faɗa wa labarin almajirin Eisenhorn, Gideon Ravenor, wanda wani mummunan hari ya ƙone jikinsa har sai da aka rufe shi a cikin kujera mai sulke. Littafin farko, Ravenor, ya fito a 2004, kuma ya kai mu birnin Petropolis, inda ruwan sama yake cin fata saboda gubar masana'antu. A wannan birni akwai masu sana'ar riƙe wa mutane lema: ka biya, su raka ka zuwa inda za ka. Har yau idan aka ambaci littafin, masu lemar nan nake fara tunawa, kafin in tuna wa ya kashe wa. Na biyun, Ravenor Returned na 2005, shi ya ƙarasa ni. Mutanen Ravenor sun yi shigar burtu sun shiga aiki a wata ƙatuwar ma'aikata, inda dubban akawuna ke zaune a layi-layi suna sarrafa bayanan da ba su san ma'anarsu ba, aikin yana cin ƙwaƙwalwarsu a hankali. Na karanta wannan sashe da irin zumuɗin da yara ke kallon dambe.

A nan ne abin kunyar ya fi yawa, domin ni a rayuwata ta zahiri ba abin da na tsana kamar ofis. In dai aka ce a cike fom, ko a kawo hoto biyu da kwafin takarda, sai in ji zazzaɓi. Idan layi ya yi tsawo nakan tura ɗan ƙanena ya tsaya mini, in sami inuwa in zauna. Kuma a cikin inuwar me nake karantawa? Labarin wasu mutane suna bin layi a shekara ta 40,000. The Carrion Throne na Chris Wraight, wanda ya fito a 2017, ya kai mai karatu babban birnin daular, wato wannan duniya tamu bayan an shafe ta da gini, cike da masu ziyara da suka taso daga nesa suna turmutsutsu don su kusanci fadar Sarki. Ɗan ƙanen nawa, wanda ya san sunan kowace runduna da launin sulkenta, ya taɓa ɗaukar littafin ya jujjuya, ya dube ni ya ce, "Kawu, wai kai duk sojojin nan ba su ishe ka ba, sai masu bin layi? Ai da ka zo ka karɓe ni, ga shi nan kyauta." Na ce masa yaro bai san karatu ba. Ban da wannan ba ni da abin cewa.

Shi ne kuma ya matsa mini in karanta jerin Horus Heresy, labarin yaƙin basasar da ya raba daular, wanda aka fara a 2006 da Horus Rising, ya kai littafi 54 kafin a shiga sashensa na ƙarshe. Na karanta na farkon, na ji daɗinsa ƙwarai, amma ba don dalilin da yake so ba. A cikin jiragen yaƙin an ɗauko wasu fararen hula, mawaƙa da masu ɗaukar hoto da marubuta, don su adana tarihin nasarori. Akwai wani mawaƙi a cikinsu, Ignace Karkasy, mashayi, mai bakin tsiya, wanda ya bar wurin taro ya shiga yawo cikin garin da aka ci da yaƙi yana kallon abin da mutanen suka rubuta a bango. Shi na bi. Da na ga jerin ya koma ƙatti zalla, na sallame su a inda suke.

Neman irin littattafan da nake so kuwa wani aiki ne mai zaman kansa, har na ƙirƙiro wa kaina dabaru. Ta farko ita ce bango. In na ga ƙato da takobi yana taka ƙoƙon kai, in ajiye. In na ga wani ramammen mutum cikin doguwar kwat, ruwa na dukan sa, kamar ya kwana uku bai yi barci ba, in lalubi aljihu. Ta biyu ita ce karanta sharhin masu karatu a baibai: duk littafin da na ga ana kuka da shi cewa yana tafiyar hawainiya, surutu ya yi yawa, ba a fara faɗa ba sai can ƙarshe, to shi nake rubuta sunansa. Na tsugunna a gaban masu gwanjon littattafai har gwiwa ta yi sanyi. Na ɗora wa matafiya Ingila nauyin da ba su nema ba, mutum ya je ganin likita ko karatu, ni ina bin sa da saƙon sunan littafi. Tsofaffin sukan ƙare a kasuwa, farashin na hannu ya haura, sai in koma na waya, ina lissafin canjin kuɗi ina tsaki, ina kuma biya.

Ta haka na kai ga Matthew Farrer da jarumarsa Shira Calpurnia, jami'ar tabbatar da dokar daula a duniyar Hydraphur. Littattafai uku ne: Crossfire a 2003, Legacy a 2004, Blind a 2006. Na tsakiyar shi ne abin ƙaunata, domin rikicin gado ne tsagwaronsa. Wani hamshaƙin falke na sararin samaniya ya mutu, ya bar tsohuwar takardar izinin fatauci da Sarki ya sa wa hannu da kansa, sai magada da malaman addinin daular da kowa da kowa suka taso a kanta. Ka ba ni rabon gado da lauyoyi da 'yan'uba, ka riƙe jiragen yaƙinka. Hatta Fifteen Hours na Mitchel Scanlon, na 2005, wanda labarin soja ne ƙarara, abin da ya riƙe ni a cikinsa shi ne yadda kuskuren wani akawu ya sa aka sauke yaro ɗan manoma a fagen da ba nan aka tura shi ba, inda sabon soja ba ya wuce awa 15 a raye.

Cutar ba ta tsaya a gida ɗaya ba. A ɓangaren Star Wars na bi Death Star na Michael Reaves da Steve Perry, na 2007, saboda a cikin wannan tashar hallaka duniyoyi an nuna mini likita da mai mashaya da mai adana takardu. A Star Trek kuma A Stitch in Time na 2000, wanda Andrew Robinson ya rubuta a kan Garak, tsohon ɗan leƙen asirin da ya koma tela, wato mutumin da shi Robinson ɗin ya fito a matsayinsa a talabijin.

Na san dalilin da ya sa irin waɗannan ba su da yawa, kuma ban ga laifin kowa ba. Kamfanin da ke cin abinci da sayar da sojojin roba, littafin da zai sa yaro ya je ya sayi runduna shi zai fi bugawa. Ba wanda zai kashe kuɗinsa ya zauna yana yi wa akawu fenti. Duk da haka a 2020 Black Library ta buɗe wani reshe mai suna Warhammer Crime, aka gina labaransa a birni guda, Varangantua, ba ƙatti ba runduna. Littafin farko, Bloodlines na Chris Wraight, labarin Agusto Zidarov ne, ɗan sandan ciki da shekaru suka fara hawa, mai mata da 'ya, mai gajiya, da wani sirri da yake ɓoye wa ofis. An sa shi neman ɗan wasu attajirai da ya ɓace, binciken ya kai shi ga masu tatsar ƙuruciyar matasan talakawa don a sayar wa masu kuɗin da ba sa son tsufa. Yana komawa gida, su yi 'yar cacar baki da matarsa a kan makomar 'yarsu. Da na kai nan sai da na ajiye littafin na ɗan zaga ɗaki don murna. Flesh and Steel na Guy Haley ya biyo baya a shekarar, sai Grim Repast na Marc Collins a 2021.

Ƙorafina ɗaya ne a kansu duka, har da waɗanda na yaba. Komai kyan binciken, komai daɗin leƙen gidajen, da an kusa ƙarshe sai marubucin ya tuna wa ya ɗauke shi aiki, ya ciro bindigogi. Eisenhorn da ya fara da tambayoyi ya ƙare da aljanu da fashe-fashe. Ni kuma in koma sana'ata ta tsallake shafi, har in isa wurin da ake rubuta rahoto.

Duk mai irin cutata ya fara da Bloodlines, ya bi da Legacy, sannan Ravenor Returned. Wanda kuma ya san wani da aka gama shi ba a harba ko harsashi ɗaya ba, don Allah ya aiko mini da sunansa. Aro dai kada a zo, ba na bayarwa.