Littafi ɗaya, makaranta iri-iri

A 2006 marubucin Amurka Cormac McCarthy ya fitar da The Road. Duniya ta ƙone, toka ta rufe rana, wani uba da ɗansa suna tura keken sayayya zuwa bakin teku, da bindiga mai harsashi biyu kacal. Littafin ya ci kyautar Pulitzer a 2007, ya kuma tona asirin halayen masu karanta shi.

Akwai Sarkin Tanadi. Tun da ya karanta inda uban ya gano wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa maƙare da abincin gwangwani, barci ya ƙaurace masa. Ya cika ƙarƙashin gado da kifin gwangwani da ashana da batir, har yana hararar maƙwabci in ya zo roƙon gishiri. Kafin wata ya mutu yara sun cinye rabin kayan, duniya kuwa tana nan daram.

Malam Bin Diddigi tambayarsa ɗaya: wai me ya ƙona duniyar? Nukiliya ce, ko dutse ne daga sama? McCarthy bai faɗa ba. An ga haske, ƙasa ta yi rugugi, agoguna suka tsaya da ƙarfe 1:17, shi ke nan. Shi kuwa Malam gani yake an cuce shi kuɗin littafi.

Amininsa shi ne malamin Turanci mai jan biro, wanda ya tarar babu babi, babu alamar zance, uban da ɗan ma ba su da suna. Da ɗalibinsa ne ya rubuta, da ya maimaita aji.

Sai Mai Bugun Ƙirji, wanda ya rantse ba abin da ke girgiza shi. Da ya kai gidan da aka kulle mutane ana yankar namansu kaɗan-kaɗan, ya yi mako guda yana kauce wa teburin mai tsire.

Ɗan Fim bai buɗe shafi ko ɗaya ba. Viggo Mortensen ya kalla a fim ɗin 2009, amma ya fi kowa baki.

Wanda ba a jin duriyarsa shi ne magidanci. Inda uban ya tsinci gwangwanin Coca-Cola ya miƙa wa yaron da bai taɓa ɗanɗana ta ba, nan ya ajiye littafin, ya leƙa ɗakin yara ya gyara musu mayafi, ya ce hayaƙin maganin sauro ne ya shigar masa ido. Shi ya fi kusa da marubucin: a wani otal a El Paso labarin ya faɗo wa McCarthy, ƙaramin ɗansa na barci a gefe, kuma ga yaron ya sadaukar da littafin.