Wanke-Ki-Tafi: Jagora Ga Wadda Ba Ta Sauri

Tun da baƙaƙen matan Amurka suka fara yi wa man rilaksa tawaye, wani salon gyaran gashi ya yi tashe a wajensu, yanzu ga shi ya iso mana ta YouTube da TikTok. Ki wanke kai, ki shafa jel, ki bar gashin ya nannaɗe yadda Allah ya halicce shi. A bidiyo minti uku ne. A banɗakinki kuwa, gara ki ɗora abincin rana tun da safe, ki sallami duk mai jiran ki. Ga wadda ta ɗaura niyya, ga shawarwari.

Ki san kan da kike ɗauke da shi. A 1997 Andre Walker, mai gyara wa Oprah Winfrey gashi, ya fitar da littafi inda ya kasa gashin 'yan Adam gida huɗu, daga miƙaƙƙe sambal zuwa mai ƙananan murɗi. Daga baya mata suka ga lissafinsa bai iso inda nasu yake ba, aka ƙara rukunin 4C. Da yawanmu can muke, ƙarshen layi. Amfanin sanin haka ɗaya ne: ki daina sayen duk kwalbar da wata mai gashi har gadon baya ta ɗaga wa kyamara. Jel ba ya ƙirƙirar murɗi, wanda ya tarar shi yake riƙewa. Ki jiƙa kanki sharkaf ki dubi madubi. Abin da kika gani shi ne jarinki, kuma babu kantin da ke ba da bashinsa.

Ki wanke wankin Allah da Annabi. Lorraine Massey, mai littafin Curly Girl, ta yi suna wajen gargaɗi kan shamfu mai salfet saboda yana busar da gashi, har wasu mabiyanta suka yi sallama da shamfu ɗungurungum. To, ba don mai shiga adaidaita sahu cikin ƙurar Janairu aka rubuta littafin ba. Idan kin yi watanni kina lafta man kaɗanya da basilin da alayyadi, ruwa ba zai sami ƙofar shiga ba, jel kuma sai dai ya zauna a bisa yana kallon ki. Ki sa shamfu ki cuɗa fatar kai sosai. Idan ruwan rijiyarku irin wanda sabulu ke ƙin kumfa ne, yana barin ma'adinai a gashi, sai ki yi ɗaurayar ƙarshe da fiya wata. Maigida zai tambayi inda jakar ruwan ta shiga. Ki ce zafi ake yi.

Ki warware cikin lalama. Ki raba kan gida huɗu ko shida, ki sa kwandishina, ki fara daga ƙarshen gashi ki hauro tushe, da yatsu ko mataji mai manyan haƙora. Idan kwandishina ya ƙare, karkashi na nan. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi, yauƙinsa zai sa duk wani cukurkuɗewa ya saki. Irinsa ne matan Chadi ke kira ambunu, wanda yanzu ake zubawa a leda mai ƙyalli ana sayarwa a intanet. Ki dai tace da kyau, kada ki fita unguwa da ganyen miya a ƙeya.

Ruwa ne sarkin aikin. Nan ake ci, nan ake faɗuwa. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarawa salin alin a miƙaƙƙen gashi, amma a namu kwana ta yi masa yawa, ba ya kaiwa ƙarshe. Shi ya sa kullum gashinmu cikin ƙishirwa yake. Ruwa ne ke haɗa silin gashi su rungumi juna su fito ƙungiya-ƙungiya, aikin jel kawai ya kulle su a haka. Saboda haka ki rataye tawul, yau ba ranarsa ba ce. Ki shafa jel ruwa na ɗiga a wuyanki. Ki tsaga kaɗan, faɗin yatsu biyu, ki shafa tun daga tushe, ki ja tsakanin babban yatsa da manuni har ki ji sulɓi, sannan ki saki ya koma da kansa. Idan ba ki ji yana cakal-cakal a hannunki ba, ki ƙara fesa ruwa. Tsagar ƙarshe tana da haƙƙi irin na ta farko, ko da kafaɗarki ta fara kuka.

Kafin ki haɗa mai da jel a ka, ki gwada su a tafin hannu. Ɗigo na wannan, ɗigo na wancan, ki murza. Idan suka narke cikin juna, madalla. Idan suka tsinke suka yi fararen gudaji, ba sa ga maciji, kuma haka za su yi a kanki, gobe a ce amosani ne. Mai sha'awar haɗin gida tana iya tafasa kuɓewa ta tace yauƙin, yana riƙe gashi daidai gwargwado, sai dai kwana kaɗan yake yi ko a firji. Ba a sa daddawa.

Ki ɗaure hannunki. Daga nan har ya bushe, kada ki taɓa. Ba dubawa, ba gyara wannan ɗan silin, ba sosawa da biro. Duk taɓawa tana raba ƙungiyoyin da kika sha wahalar haɗawa, sai kan ya tashi buzu-buzu. Idan da wuta, ki shiga diraya mai hula a salun, ko ki yi amfani da ta hannu da zafi kaɗan. Idan NEPA ta yi halinta, iska za ta yi aikin, amma gashi mai cika yana iya wuni cikinsa bai bushe ba. Idan ya bushe za ki ji ya ƙandare kamar taliya 'yar murji da aka shanya a igiya. Kada ki firgita, alamar nasara ce. Ki ɗiga mai kaɗan a tafin hannu ki mammatsa a hankali, taurin zai karye, murɗin ya zauna.

Ki haƙura da tsawo. Gashin da kika ja ya taɓa haɓa zai koma ya tsaya a kunne. Irin namu yana iya takurewa fiye da rabin tsawonsa, ba ɓarawo ne ya shigo ba. Gashi kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, auna shi kullum ba ya sa shi sauri.

Ki duba yanayi kafin ki duba kwalba. Gilisarin da ke cikin mayuka da yawa janyo danshi yake yi. Da damina zai kwaso na iska har kan ya kumbura. Da hunturu, da babu danshin da zai samu a waje, kan na iya komawa ƙayau kafin azahar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ki nemi jel da ba shi ne a sahun gaba na kayan haɗinsa ba.

Hijabi da matashi. Kada ki rufe jiƙaƙƙen gashi da hijabi: zai kwanta gefe guda, ya yi warin danshi, fatar kai ta fara ƙaiƙayi. Ki bari ya bushe, ki sa hular satin a ciki. Haka ma da dare, domin rigar matashi ta auduga tsotse danshi take yi. Da safe ki girgiza kai, ki ɗaga tushen da yatsu. Zai kai ki kwana uku zuwa mako. Idan kika zarce, silin gashi za su fara ƙulla kansu ɗaya-ɗaya, irin ƙullin da almakashi kaɗai ke kwancewa.

Ki shirya wa dangi. Babu bidiyon da ya koyar da wannan. Bayan awa huɗu na aiki, za ki cire mayafi a ɗakin Goggo, ta dube ki da tausayi ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya kuwa? Ko kuɗin kitson ne babu? Zo nan in taje miki." Kada ki kawo mata zancen Andre Walker. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Na gode Goggo, magani na sa, an ce kada a taɓa." Ba ki yi ƙarya sosai ba, kuma a duk dokokin gyaran gashi wannan ce kaɗai za ta girmama.