Taubashi, Ina Cittar Take?

Bawana ɗan gwaggo, mutumin Malbaza! Labari ya iso mana Ƙonni cewa tun da ka dawo daga cirani ka daina shan abin da muke sha. Wai yanzu sai Canada Dry, lemun citta na manya, har kana riƙe gwangwanin a bakin titi don direbobin motocin siminti su gan ka.

Na ɗanɗana abin naka. Ruwa ne da sukari da iska. Cittar kuwa ta biyo ta ƙofar gida ne, ta yi sallama, ta wuce. Ba laifin lemun ba ne, haka aka so shi: wani mai haɗa magunguna ne a Toronto ya fito da shi a 1904, kuma da gangan ya sassauta shi. Ko can ma ba kowa ya yarda ba, don mutanen Detroit a Amurka suna nan kan Vernors ɗinsu. A Kenya da Tanzaniya kuwa Stoney Tangawizi ake sha, mai yaƙar maƙogwaro, kuma kamfanin Coca-Cola ne da kansa ke yin sa, don ya san wa yake sayar wa. 'Yan'uwanmu Adarawa da ke Abijan su ba ka labarin nyamakuji, wanda ke sa ƙato tari a kurɓin farko. Duk faɗin duniyar nan, kai sai ka je ka zaɓo mafi lami.

Abin da ya fi ba ni dariya, mutumin da Galmi ke bayan gidansa, wanda ya tashi cikin albasa mai sa hawaye, shi ne yau ke gudun yaji. Ko dai ƙurar siminti ce ta shafe maka harshe?

Zo Ƙonni da azahar a watan zafi ka ga lemun citta. A daka ta, a haɗa da kanumfari da masoro, a tace, a matsa lemun tsami ko a zuba ruwan tsamiya, a ƙulla a leda a kwantar kan ƙanƙara. Ka ciji gefen ledar, gumi ya keto maka kafin sanyi ya sauka. Cittar ma doguwar tafiya take yi, daga gonakin Kachia a kudancin Kaduna har ta ƙetaro ta Illelar Sakkwato. A 2023 cuta ta afka wa gonakin, ga iyaka a rufe bayan juyin mulkin watan Yuli, citta ta yi tsada, amma ba mu koma ga ruwan sukarinka ba.

Kada ka ruga Illela tamu ta Adar neman mai goya maka baya. Kawunnanmu na can ba su shiga gardamar kwalba, a ba su fura da nono su kwana lafiya. Kuma ka tambayi mai dakan furar abin da take sakawa a turmi: citta ce.

Watan cika-ciki na tafe. Ka tanadi kuɗin sharata, ka kawo su da kanka. Leda biyu na jiran ka, in ka shanye ɗaya ba ka yi tari ba, na yafe maka rabi.