Shugaban Kwamitin Gero

A farkon 2023 aka naɗa ni shugaban kwamitin sayo kayan azumi a wurin aikinmu a Kano: gero, shinkafa da sukari, a raba wa ma'aikata kafin a ga wata. Ba wai na fi kowa sanin hatsi ba ne. Ni kaɗai na taɓa zuwa bita kan shugabanci a Abuja, na dawo da takardar shaida da jaka mai tambari.

Sai abin ya faɗo a tsakiyar canjin kuɗi. Babban Banki ya sauya fasalin naira 200, 500 da 1000, wa'adin tsofaffin ya matsa daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma sai dai ka ji labarinsu. Masu POS na sayar da naira da naira. A kasuwar Dawanau farashi ya rabu biyu, na tsaba daban, na taransifa daban, domin manomin da ya kawo geronsa daga ƙauye kuɗi yake so a tafin hannu, haka ma ɗan dako. Namu kuwa na kwance a asusu, lafiyarsu ƙalau.

A Abuja an koya mana cewa rashin sadarwa ne uwar kowace matsala. Don haka na buɗe guruf a WhatsApp, na kafa doka: mai magana ya yi ta a can, don a samu shaida. Kullum bayan isha'i nakan tura saƙon murya, da salati, da gabatarwa, da waiwaye kan saƙon jiya, kafin in shiga gundarin batu. Kowa sai ya aiko babban yatsa. Daga baya na samu labarin akantarmu takan kunna su idan jaririnta ya ƙi barci, kuma wai ana dacewa.

Direbanmu, dattijo mai furfura, yakan tare ni a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, da akwai 'yar magana kan geron nan."

Ni kuma in saki fuska irin ta shugaba mai sauraro: "Baba, a sa a guruf."

"To, ranka ya daɗe."

Wayarsa 'yar Nokia ce mai tocila. Ba ni na saya masa ba, balle a ce da ni wani abu.

Na fito da babbar dabara: kowane ɗan kwamiti ya yi asubanci zuwa layin ATM, ya kawo abin da inji ya tausaya ya bayar. Da muka tara, na zana jadawali mai launi uku, wanda ya nuna a fili cewa za mu kammala sayayya wajen babbar salla. Ranar 3 ga Maris da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, na tura jawabin nasara, sai ka rantse da ni gwamnonin Kaduna, Kogi da Zamfara suka shigar da ƙarar. Babban Banki bai ce a bi hukuncin ba sai bayan kwana goma.

Wata safiya na iso ofis na tarar da mota ana sauke buhuna. Ashe surukin Baba dillali ne a Dawanau. Ya yarda a tura masa ta banki a farashin tsaba, shi zai ji da manoma da 'yan dako. Da azumi ya ƙarato, Baba ya bi ta wajen akanta, ta kai wa manaja, aka sa hannu kafin shayi ya huce.

"Haba Baba, ai da ka faɗa mini!"

"Yallaɓai, na ba jikana ya sa a guruf ɗin. Ya ce sai an saka ni a ciki tukuna."

A rahoton da na rubuta, na kira wannan tuntuɓar masu ruwa da tsaki. Manaja ya ji daɗi ƙwarai, har ya ƙara mini da kwamitin shanun layya. Ina buɗe sabon guruf Baba ya leƙo, wai yana da 'yar magana kan shanun. Na yi masa alama da hannu ya ɗan dakata, ina ɗaukar saƙo.