Ƙafar Dama Kibiya, Ƙafar Hagu Rano

Har yanzu a karkace nake zama, don haka a yi mini uzuri in labarin ya zo a karkace.

Kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, sanyi bai kankama ba, na ce lokacin ganin Rano ya yi. Na ɗauki ɗan yayata saboda wayarsa na da kyamara mai kyau, na zura sabuwar shadda da ta sha bugu, da takalmi sau-ciki wanda ƙasansa ko ƙura bai sani ba. Muka tsaya ƙofar fadar Sarkin Rano, Autan Bawo, muka ci dafaffiyar gyaɗa, muka kama hanyar Kibiya. Can na hango wani falalen dutse a gefen wani ƙauye, gonakin dawa sun sunkuyar da kai a bayansa. Na ce wa yaron ya tsaya daga ƙasa ya ɗauke ni, zan yi wa 'yan gidanmu bayanin tarihi.

Na hau lafiya. Na gyara hula, na yi gyaran murya.

"Jama'a, wannan ƙasa da kuke gani ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai. Ita da Kano ake ce wa sarakunan baba, saboda rini. Sarkin Kano Yaji, wanda ya hau gadon sarauta a 1349, sai da ya gwabza da Rano. A 2019 aka ba ta sarki mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka sake lale, yanzu Rano da Kibiya da Bunkure ne a ƙarƙashinta. Duk da haka, ƙasa ce da ba ta taɓa durƙu..."

Na ja da baya taku ɗaya don gonakin su fito sosai.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san amfanin falalen dutse da kaka: shanya. Abin da na taka farin wake ne, casasshe, busasshe ƙarau, an baza shi tun daga ƙwanƙolin dutsen har tsakiya. Ƙafar dama ta nufi Kibiya, ta hagu ta ce ita Rano za ta koma. Wandon da ke tsakani ya yi iya ƙoƙarinsa na sulhu, sannan ya ce ɓarrr. Hula ta tashi ta yi nata wuri. Na zauna daɓas, waken ya ɗauke ni, muka gangara tare kamar buhun da ya suɓuce daga bayan akori-kura.

A nan na fara jin muryar wani dattijo. Yana zaune gindin ɗorawa yana tufkar igiya, ko miƙewa bai yi ba.

"Alhaji, kada ka yi sauri!"

Wallahi haka ya ce. Ina tafe a kan mazaunaina, hannuwa na neman abin kamawa a sararin Allah, shi kuma yana ba ni shawarar rage gudu.

"Karkata hagu, Alhaji! Barkonon dama na Iya ne, ba ta da haƙuri!"

Sai lokacin na ga jan abin da ke jirana a ƙasa. Na karkata hagu iya ƙarfina. Hagun ma barkono ne. Bambancin kawai, mai shi tana da haƙuri.

Na san tsarin faɗuwar daki-daki domin yaron bai sauke waya ba. Na kalla a gudunta, na kalla a hankali. Akwai wurin da bakina ke ƙoƙarin ƙarasa "durƙusa" alhali ƙafafuna sun riga sun rabu. Akwai wurin da takalmi ɗaya ya wuce ni ya riga ni isa. Akwai wurin da idona ya haɗu da na wata akuya, ta daina tauna, ta bi ni da kallo har ƙasa. Daga nan sai jan ƙura, sai atishawa, sai muryar ɗan yayata yana cewa "Sannu Kawu" cikin wata irin shaƙa da ba ta kuka ba ce.

Dattijon ya ajiye igiya ya tako a nutse, hannu a baya.

"Sannu Alhaji. Ai ba a hawansa da takalmi."

"Baba, ai na riga na sauko."

"Shi ya sa nake gaya maka."

Hawaye na zuba, na kai hannu na murje ido. Ya jira sai da na murje duka biyun.

"Kuma kada ka taɓa ido."

Ina tsalle ina salati, yana tsaye yana jero magunguna. Wai in shafa man shanu. Na ce a ina? Ya ce duk inda ya fi zafi. Wai in sha tsamiya, in kwanta rub da ciki, kuma in na isa gida in ce wa iyali kare ne ya biyo ni, don kare ya fi wake mutunci. Ya leƙa bayana, ya girgiza kai, ya ce telan bai ninka ɗinki ba, in daina kai masa. Sannan ya nuna wani dutse can gaba da haɓarsa.

"Da wancan ka hau. Ya fi tsayi, kuma gyaɗa ake shanyawa, ta fi daɗin zama."

Muna cikin haka mai waken ta iso, yara na biye da ita. Ta dubi dutsen, ta dubi waken da ya watsu har cikin ciyawa, ta dube ni. Ba ta ce uffan ba. Ta miƙo mini tsintsiya da faifai.

Na karɓa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da bayan riga. Na sunkuya zan fara daga inda nake, dattijon ya ɗaga hannu.

"A'a, Alhaji. Shara daga sama ake farowa."