Tafi a Gaban Suruki

Abin ɗan ƙarami ne, a soket ake cusa shi, sai a jona masa fitila da fanka. Ka tafa sau biyu fitila ta kama, ka ƙara biyu ta mutu, uku kuma na fanka ne. A shekarun 1980 wani kamfani na San Francisco a Amurka ya fara sayar da irinsa da sunan The Clapper, tsofaffi masu ciwon gwiwa suna ta sa masa albarka. Nasu na wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, shi ya sa na sayo ɗan China. Gwiwata lafiya lau take. Lalaci ne kawai da son a sani.

A cikinsa ba komai sai ɗan makirfo mai sauraren ƙara mai kaifi, da wani abu mai auna tazarar da ke tsakanin ƙara da ƙara. Ba ruwansa da wanda ya yi ƙarar. Ranar da 'yan matan maƙwabta suka kama lugude, suna cilla taɓarya sama suna tafawa, falona sai da ya koma gidan rawa. Na ce zai saba.

Jiya bayan isha'i sai ga surukina da Hajiya. Kowa ya san uba ba ya taka gidan 'yarsa a banza. Na durƙusa can bakin ƙofa, kai a sunkuye, muka gaisa, Baba ya fara bayanin abin da ya taso su daga ƙauye: gobara ce ta kama bayan gida. Yana cikin magana wani sauro ya gitta ta gabansa. Ya kai masa tafi, ya kuskure, ya sake. Ɗif!

"Sun ɗauke," in ji Hajiya.

Fanka fa tana ta juyawa, amma ba wanda ya lura sai ni. Baba, dattijon da duhu bai taɓa katse wa zance ba, ya ci gaba cikin sanyin murya: "Kafin a kawo ruwa rumbunan nan duk sun ƙone ƙurmus. Gero da dawar bana, ko dami ɗaya ba a fitar ba."

A nan na tafa.

Wallahi wuta nake nema. Amma tafin hannuna ya jiƙe da gumi, ƙarar ta fita a daƙushe, na'ura ta yi kunnen uwar shegu. Na goge hannu a jikin riga na ƙara da ƙarfi, garin gaggawa na yi uku. Fanka ta tsaya. Yanzu ga duhu, ga zafi, ga shiru, kuma a cikin shirun nan kowa ya ji surukin gida ya yi wa gobara tafi har zubi biyu. Ya kamata in tsaya nan. Sai na ɗaga hannu sama wajen soket, na daidaita tazara yadda takardar kwalin ta ce, taf, taf.

Haske ya dawo, ya same ni a kan gwiwa, hannuwa sama da kai, hula ta karkace, baki a washe don murnar abu ya kama. Tun jiya nake sake kallon hoton nan a raina, kuma haƙoran nan su suka fi ƙona ni. Da tafin ne kaɗai sai a ce sauro. Wane sauro ake kashewa da fara'a?

Baba ya dube ni, irin duban da ba a ɗaga murya a cikinsa. "Malam, daɗi ka ji?"

"A'a Baba, ba ku nake wa ba, fitila nake wa."

Hajiya ta tafa hannu tana salati. Ɗif! Ta sake salati ta sake tafawa, haske ya dawo. Ta jawo mayafi ta fara neman takalmi. Uwargida kuwa tana bayan labule, ina jin kofunan shayi suna kaɗawa a kan faranti, ko kuka take ko dariya, har yanzu ta ƙi faɗa.

Da safe na kai kukana wajen maƙwabcina, tsohon direban tirela wanda bai taɓa rasa amsa ba. Ya ce laifina ne da ban yi tari ba, don a China fitilun matakalar bene tari ake musu ko a buga ƙafa su kama. Wannan kam gaskiya ne, sai dai waɗancan kowace ƙara suke amsawa, tawa lissafi take so. In durƙusa gaban Baba ina tari biyu-biyu ke nan?

"To toshe mata kunne da auduga."

Na ce, in ina son wuta fa?

"Sai ka tashi ka cire audugar, ka tafa, ka mayar."

Na tuna masa makunnin bango yana nan dab da soket ɗin. Ya ce ai shi ya sa aikin ba zai yi wuya ba. Game da Baba kuma, shawararsa in naɗe na'urar in kai masa a matsayin jaje, a maƙala a sabon rumbu, ɓarawo na yin atishawa haske ya tona shi.

Na ce ƙauyen ba su da lantarki.

Ya ce, "Ka ga ke nan ba za ta ba shi kunya ba."