Mutanen Shagon Gem, Ina Kuka Shiga?

Shagon gem na unguwa, mai labule a ƙofa da benci biyu da talabijin mai ƙeya, yana ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. PlayStation 2 da ta fito a 2000 ce ta raya shi, wayar hannu ta kwashe masa yara, sannan cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sa ɗan janareto ya koma cin riba har da uwar kuɗi. Mutanen cikinsa kuwa suna nan da ransu, watsewa kawai suka yi.

A fara da Koci. Ba a taɓa ganin sisinsa a hannun mai shago ba, amma kullum yana tsaye a bayanka, numfashinsa a wuyanka: "Ba shi! Ba shi mana! Kai, buga!" In ka ci, dabararsa ce. In aka ci ka, ai ya faɗa maka. Shi ya fi kowa asara, don ba a leƙa wayar mutum daga baya a zauna lafiya. Na ji ya koma gidan kallon ƙwallo, yana koya wa Guardiola aiki.

Sai Malam Fad-ce. Wannan bawan Allah ba a taɓa cin sa da gaskiya ba. Ko maɓallin ya maƙale, ko igiyar ta saki, ko mai shago ya ba abokin karawarsa mai kyan. A canza masa fad a sake zura masa huɗu, sai ya ce wancan ya saba da wannan talabijin. Yau yana ɗakinsa yana buga eFootball, sunan da wasan ƙwallo na PES ya koma a 2021, kuma Allah ya ba shi abin zargin da ba ya musu: netwok.

Akwai Ɗan Inter. Duk wanda ya buga PES 6 ya san Adriano na ƙungiyar Inter, mai ƙarfin bugu 99, wanda ko daga tsakiyar fili ya sake ta sai gola ya yi salati. Ɗan Inter bai san fasin ba, bai san tsaron gida ba, maɓalli ɗaya ya haddace. Har doka aka kafa saboda shi a wasu shagunan: ban da Inter. Ƙaninsa a wannan ɗabi'a shi ne mai zaɓen Scorpion a Mortal Kombat, ya yi ta jefa igiya har a kira magariba.

Ɗan Aike kuwa abin tausayi ne. An ba shi kuɗin niƙa, ya ajiye bokitin masara a bakin ƙofa da niyyar wasa ɗaya tak. Tsarin "wanda aka ci shi zai biya" ya cinye kuɗin. Ana cikin haka labule ya ɗaga, ga Yaya da tsumagiya. Yaran yanzu ba su san wannan tashin hankali ba, a ƙarƙashin bargo suke buga Free Fire, kuɗin niƙan ma data yake zama ba tare da shaida ba.

Kada a manta da Mai Addu'ar NEPA, wanda in ana cin sa uku ba ko ɗaya yake kallon ƙwan fitila. Da an ɗauke wuta zai miƙe yana kaɗa riga: "Wallahi ka tsira, yanzu na fara ɗaukar zafi."

Wanda nake ji wa takaici da gaske shi ne Zakara. A da in ya shigo benci ake gyarawa, in ya ci ka har layin makarantar allo sai an ji. Yanzu ya yi aure, ya sayi PlayStation 5 da sunan yara, ya kuma kora su karatu. Ƙarfe ɗayan dare ya lallasa wani baƙo da bai san ƙasarsu ba, ya daka tsalle zai yi ihu, uwargida ta ce daga ɗaki, "Baban Ummi, in ka tashi yarinyar nan kai za ka goya ta."